INGE LEHMANN: MATAR DA TA GANO ABIN DA KE TSAKIYAR ƘASA

A zamanin nan idan aka yi girgizar ƙasa a wani wuri, ba a awa guda sai na'urorin kwamfuta su faɗi inda abin ya faru, da zurfinsa, da ƙarfinsa. Masana suna da manhajoji irin su SAC da ObsPy masu tace abin da ma'aunan girgiza suka rubuta, da kuma TauP mai lissafa lokacin da motsin girgiza zai ɗauka kafin ya ratsa cikin ƙasa. Amma wani babban sashe na taswirar cikin ƙasa da ake wannan lissafi a kanta, wata mata ce 'yar ƙasar Danmak ta gano shi da fensir da 'yan katuna, tun ba a ƙera kwamfuta ba. Sunanta Inge Lehmann.

An haife ta ran 13 ga watan Mayu, 1888, a birnin Kofanhagan. Ubanta malamin jami'a ne. Ya sa ta a makarantar wata malama Hanna Adler, inda ake koya wa yara maza da mata darasi iri ɗaya ba bambanci, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Cikin 1907 ta shiga Jami'ar Kofanhagan don karatun lissafi, a 1910 kuma ta tafi Kambirij ta ƙasar Ingila. Yawan karatu ya kwantar da ita, ta komo gida a 1911, ta yi shekaru tana aikin lissafi a ofishin inshora. Sai a 1920 ta sami digirinta.

Cikin 1925 ta zama mataimakiyar Farfesa Nørlund, wanda aka ɗora wa aikin kafa tashoshin auna girgizar ƙasa a Danmak da tsibirin Girinlan. A 1928 aka naɗa ta shugabar sashen nazarin girgizar ƙasa na hukumar safiyo ta Danmak.

Ga yadda aikin yake. Ba wanda ya taɓa haƙa rami ya kai tsakiyar duniya. To, kamar yadda mai sayen kankana yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara don ya san abin da ke ciki, haka masana ke sauraron girgiza. Girgiza takan aika da igiyoyin motsi iri biyu ta cikin ƙasa. Wadda ake kira P tana ratsa dutse da ruwa, wadda ake kira S kuwa ba ta ratsa ruwa. Da wannan ne Oldham ya nuna a 1906 cewa duniya tana da ƙwaya a tsakiya, Gutenberg ya auna zurfinta wajen kilomita 2,900, Jeffreys kuma ya nuna a 1926 cewa narkakkiya ce. Bisa wannan lissafi, akwai wani yanki na bayan duniya da igiyar P ba za ta isa ba, domin ƙwayar tana karkatar da ita.

Cikin watan Yuni na 1929 aka yi babbar girgiza a Murchison ta ƙasar Niyuzilan. Da Lehmann ta duba abin da tashoshi masu nisa suka rubuta, sai ta ga 'yan alamun igiyar P a yankin nan da aka ce ba ta zuwa. Ba ta yar da su ba. Takan rubuta lokutan isowar igiyoyi a kan katuna, ta jera su cikin kwalayen abinci, ta yi ta lissafi da hannu. A 1936 ta fitar da sakamakonta: cikin narkakkiyar ƙwayar akwai wata ƙaramar ƙwaya dabam, ita ce ke maido da igiyar. Cikin 'yan shekaru Gutenberg da Richter da Jeffreys suka yarda da maganarta.

Duk da haka, sa'ad da aka nemi farfesa a wannan fanni a Jami'ar Kofanhagan cikin 1952, ba a ba ta muƙamin ba. Ta yi ritaya a 1953, amma ba ta ajiye aiki ba. Ta riƙa zuwa Amurka tana bincike, har ta gano wata iyaka a zurfin wajen kilomita 220 wadda ake kira da sunanta.

Sai a 1971, watau shekara 35 bayan bincikenta, Dziewonski da Gilbert suka yi aiki da kwamfuta suka kawo hujja mai ƙarfi cewa ƙwayar ta ciki daskararriya ce. Yau an san tana farawa daga zurfin wajen kilomita 5,150, galibinta kuwa ƙarfe ne. A shekarar nan ta 1971 aka ba Lehmann lambar Bowie, babbar lambar girma ta ƙungiyar masana ilmin ƙasa ta Amurka.

An buga maƙalarta ta ƙarshe a 1987. Ta rasu ran 21 ga watan Fabrairu, 1993, tana da shekara 104. Tun 1997 ƙungiyar nan ta Amurka take ba da lamba mai sunanta ga waɗanda suka yi fice wajen binciken cikin ƙasa.