TARIHIN CLAUDE SHANNON, MUTUMIN DA YA ƘAGO MA'AUNIN LABARI

Duk ma'aikacin da ya taɓa aika saƙon tangarahu ya san yadda akan zauna a rage kalmomi domin kada kuɗi su yi yawa, amma duk da haka wanda aka aika wa ya gane abin da ake nufi. Mutumin da ya fara bayyana dalilin wannan ta hanyar lissafi shi ne Claude Shannon, wani masani ɗan ƙasar Amurka. Ma'aunin da ya ƙago domin kyautata sadarwa, yau masu bincike suna amfani da shi wajen gane ko hankalin majinyaci yana tare da shi, da kuma nazarin ciwon gigin tsufa, watau ciwon da shi kansa ya ƙare rayuwarsa da shi.

An haifi Shannon ran 30 ga watan Afrilu, 1916, a jihar Mishigan, ya kuma girma a wani ƙaramin gari mai suna Gaylord. Ubansa ɗan kasuwa ne wanda ya taɓa yin alƙalanci, uwarsa kuwa malamar makaranta ce. Tun yana yaro ba shi da abin sha'awa irin haɗe-haɗen kayan lantarki, har ya taɓa mai da wayar shingen gonaki ta zama layin tangarahu tsakanin gidansu da gidan wani abokinsa, tafiyar rabin mil. Ya kuma yi aikin masinja a kamfanin tangarahu na Western Union.

Cikin 1936 ya sami digiri biyu a Jami'ar Mishigan, ɗaya na lissafi, ɗaya na aikin injiniyan lantarki. Daga nan ya zarce babbar makarantar fasahar nan da aka fi sani da MIT. A can, cikin 1937, yana ɗan shekara 21, ya rubuta kundin da ya nuna cewa makunnin lantarki, wanda ba shi da hali sai biyu, ko a kunne ko a kashe, yana iya ɗaukar lissafin gaskiya da ƙarya wanda George Boole na Ingila ya tsara tun cikin ƙarni na 19. A kan wannan harsashi aka gina kwamfutocin da muke gani yau.

Cikin 1941 ya kama aiki a ɗakunan bincike na kamfanin tarho na Bell. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, saboda haka aka sa shi aikin saitin bindigogin harbo jiragen sama da kuma rubutun asiri. Cikin 1943 ya sadu da Alan Turing, masanin lissafi na Ingila, suka riƙa tattaunawa a kan ko inji zai iya yin tunani.

Babban aikinsa ya fito cikin 1948 a mujallar kamfanin. Abin da ya kawo shi ne, yawan labarin da ke cikin saƙo ya dogara ga yawan rashin tabbas ɗin da saƙon ya kawar. Idan ka gai da maƙwabcinka da safe ya amsa maka da lafiya, bai ƙare ka da kome ba, gama ka riga ka san amsar tun bai buɗe baki ba. Amma in ya ce ɗansa ya kwana da zazzaɓi, to, ka sami labari. Shannon ya ɗauki amsar tambaya guda mai fuska biyu daidai wa daida, kamar kwabon da aka cilla sama, a matsayin mudun awo. Sunan wannan mudu bit, kuma abokin aikinsa John Tukey ne ya raɗa shi. Matsakaicin rashin tabbas na saƙo kuwa ya kira shi entirofi.

Har ila yau ya ƙiyasta cewa kimanin rabin haruffan rubutun Ingilishi ƙari ne, mai karatu zai iya cike su da kansa. Mai karanta Larabci ba tare da wasali ba ya san irin wannan. Saƙon da ya cika maimaici yana taƙaituwa ƙwarai, wanda kowane sashensa sabo ne kuwa ba ya taƙaituwa sai kaɗan.

Shannon mutum ne mai kunya da gudun taro, amma mai son wasa. Yakan hau keke mai ƙafa ɗaya cikin barandar ofis yana carafke da ƙwallaye. Cikin 1949 ya auri Betty Moore, ma'aikaciyar lissafi a kamfanin, suka haifi 'ya'ya uku. Cikin 1950 ya ƙera wani ɓera na inji wanda kan nemi hanya cikin lunguna, in ya same ta sau ɗaya ba ya mantawa. Ya koma MIT cikin 1956, ya zama shaihun malami, ya yi ritaya cikin 1978.

To, ina abin da ya haɗa wannan duka da ƙwaƙwalwa? Tun cikin 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya gano cewa ana iya ɗora wayoyi a kan mutum a zana igiyoyin lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Shekara da shekaru likitoci suna karanta wannan zane da ido. Daga baya aka lura cewa zanen ma saƙo ne, ana iya auna shi da mudun Shannon. Ƙwaƙwalwar mai farke tana fitar da zane mai yawan canji, wanda ba a iya cewa ga abin da zai biyo baya. Ta mai nauyin barci, ko wanda aka sa wa maganin barci domin fiɗa, takan koma manyan igiyoyi masu tafiya sannu suna maimaita juna. Shi ya sa a wasu asibitoci akwai na'urar da ke nuna wa likita awon entirofi ana cikin fiɗa, domin kada majinyaci ya farka wuƙa na jikinsa.

Cikin 2013 Marcello Massimini da abokan aikinsa na Jami'ar Milan a Italiya suka ƙara wani mataki. Sukan buga wa ƙwaƙwalwa ƙarfin maganaɗisu, su zana yadda ta amsa, sa'an nan su gwada taƙaita amsar bisa dabarar da Abraham Lempel da Jacob Ziv suka tsara cikin 1976. Amsar da ta bazu sassa da yawa, ta kuma ƙi taƙaituwa, alama ce hankali yana nan. Cikin 2016 suka auna majinyata 43 waɗanda suka sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa har ba sa nuna alamar sanin kowa, sai aka tarar 9 daga cikinsu awonsu ya kai na masu hankali. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga dangin da ke zaune bakin gadon ɗan'uwansu ba su san ko yana jinsu ba.

Haka kuma bincike da dama ya nuna cewa masu cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana cikin 1906, igiyoyin ƙwaƙwalwarsu sukan yi sanyi, canjinsu ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2021 mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Na'urar zanen lantarki ta fi manyan injunan hoton ƙwaƙwalwa araha nesa ba kusa ba, don haka ake fatan ta taimaka a gane cutar da wuri. Sai dai wannan awo shi kaɗai bai isa likita ya yanke hukunci ba. Shannon da kansa ya yi gargaɗi cikin 1956 cewa kada a ɗauki lissafinsa a liƙa wa kowane fanni ba tare da gwaji mai tsanani ba.

Da tsufa ya zo mantuwa ta kama shi, aka tabbatar cutar Alzheimer ce, har aka kai shi gidan jinyar tsofaffi. A daidai lokacin da intanet ke mamaye duniya bisa lissafinsa, shi ba ya cikin halin da zai gane abin da aikinsa ya haifar. Cikin 2000 aka kafa mutum-mutuminsa a Gaylord, yana kwance. Ya mutu ran 24 ga watan Fabrairu, 2001, a garin Medford, yana da shekara 84.

Ɗalibanmu su lura cewa Shannon bai yi ilmin likita ba, kuma bai tashi da niyyar auna hankali ba. Tambaya guda ya riƙe game da saƙon da ke bin waya, ya yi shekaru yana bin diddiginta har ya warware ta sarai, shi ya sa amfaninta ya kai har ɗakin majinyata.