Malam Bello Kagara, Walin Katsina, Mai Littafin Ganɗoki

An haifi Malam Muhammadu Bello a Kagara cikin shekarar 1890. Mahaifinsa malami ne kuma alkali, don haka ya buɗe ido cikin gidan allo da littattafai. Yana da shekara goma sha ɗaya Turawa suka ci Bida da Kwantagora, watau cikin 1901. Bayan shekara biyu aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Abin da ya gani da abin da ya ji a bakin manya a wannan zamani bai taɓa fita daga zuciyarsa ba.

Da ya yi nisa cikin karatun Arabiyya sai ya shiga makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano. Daga baya ya zama malami a Kwalejin Katsina, makarantar da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Cikin 1933 Dokta East na ofishin fassara a Zariya ya nemi malamai su gwada ƙaga labari da Hausa. Malam Bello ya rubuta Ganɗoki, ƙanensa Abubakar Imam kuma ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga su cikin 1934.

To, a nan ne ya kamata mu malaman makarantun sakandare mu tsaya. Lokacin da ya ɗauki alƙalami babu wani littafin ƙagaggen labari na Hausa da zai yi koyi da shi. Abin da ke cike da kunnensa shi ne kirarin mayaƙa, da taken sarakuna, da waƙoƙin malamai. Saboda haka ya gina labarinsa a kansu. Ganɗoki jarumi ne da ya yi yaƙi da Turawa, sa'an nan ya nausa gabas har ƙasashen aljannu, kuma mai karatu ya fi sanin halinsa ta kirarinsa.

Amma mu yau mukan koyar da waƙa ran Litinin, labari ran Laraba, sai yaro ya zaci babu dangantaka tsakaninsu. Ga abin da ya fi. Malam ya sa yaro guda ya miƙe ya karanta kirarin da ƙarfi, kamar yadda maroƙi zai yi. Sa'an nan ya sa a sake karanta shafin ba tare da kirarin ba, ya tambayi yara abin da ya ɓace. Su da kansu za su ce jarumin ya yi sanyi. Daga nan sai a kawo musu waƙar nan ta zuwan Nasara da ake danganta wa Attahiru, su gwada yadda mai waƙa da mai labari suka dubi masifa guda, ɗaya da wa'azi, ɗaya da takobi.

Bayan ya bar koyarwa Malam Bello ya yi alƙalanci a Katsina, har ya zama Wali. Ya kuma rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya rasu cikin 1971. Allah ya jiƙansa, ya sa yaranmu su karanta littafinsa da kunne kamar yadda suke karanta shi da ido, amin.