Francis Bebey: Mutumin Da Ya Koya Wa Na'ura Kiɗan Gida

Kwanan baya a wata majalisa a nan Banikanni, gardama ta kaure kan yaran da ke haɗa waƙa da fiyano da kwamfuta. Wani dattijo ya dage cewa na'ura ce ta kashe kalangu da goge. Ni kuwa sai na tuna wata murya da na fara ji a rediyon wani tela tun ina yaro, mutum yana magana da Faransanci cikin raha, ƙarƙashinsa wani kiɗa na tafiya kamar agogo. Sai da na girma na san sunansa Francis Bebey.

An haife shi a Duwala ta ƙasar Kamaru a 1929, mahaifinsa fasto ne. A farkon shekarun 1950 ya tafi Faransa karatu, inda ya rungumi jita da kiɗan jaz. Can ya haɗu da ɗan ƙasarsu Manu Dibango, wanda daga baya ya yi suna da waƙar Soul Makossa, kuma Bebey na cikin waɗanda suka fara buɗe masa kunne ga jaz. Ya yi aikin jarida a rediyo, sannan a 1961 ya shiga hukumar UNESCO a Paris, har ya shugabanci sashen kiɗa.

Marubuci ne kuma. Littafinsa na ƙagaggen labari, Le Fils d'Agatha Moudio, ya fito a 1967, ya ci babbar kyautar adabin Afirka a 1968. A 1969 ya fitar da littafi sukutum kan kiɗan gargajiyar Afirka. Ka ga ke nan ba jahilin ganga ba ne ya ɗauki na'ura.

To, a 1974, yana ɗan shekara 45, ga iyali ga albashi mai tsoka, sai ya ajiye aikin. Ya mayar da ɗaki guda a gidansa wurin ɗaukar sauti, ya kafa kamfanin faifansa mai suna Ozileka. Ya samo sintesaiza, wato fiyanon lantarki da ke ƙirƙiro sauti iri-iri, da akwatin da ke buga ganga da kansa. Yakan ɗauki ganga tukuna, ya ɗora jita, ya ɗora fiyano, sannan murya, shi kaɗai ya zama ƙungiya guda. Da haka aka samu waƙoƙi irin su La Condition masculine da Agatha, masu tsokanar zaman miji da mata, waɗanda suka zaga ƙasashenmu masu jin Faransanci.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya dosa bayan nan. A farkon shekarun 1980 ya koma kan sanza, ɗan akwatin nan mai siraran ƙarafa da ake kaɗawa da manyan yatsu, da kuma sarewar mutanen dajin tsakiyar Afirka mai murya ɗaya tak, wadda mai busa ke cika sauran muryoyin da maƙogwaronsa. Ya zaunar da su gefen na'ura, kuma su ne a gaba, ita tana take musu baya.

Ya rasu a Paris ranar 28 ga Mayu, 2001. Bayan shekara goma sha ɗaya, kamfanin Born Bad ya sake fitar da waƙoƙinsa na 1975 zuwa 1982, samarin Turai suka yi ta rububi. A 2017 ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta sa busar sarewar wata waƙarsa a cikin Everything Now, ɗansa Patrick ne ma ya busa.

Mu ma fa muna da namu. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kaset da fiyanon lantarki tun 1978, yana zuba karin waƙoƙin Nijar a ciki.

Shi ya sa na ce wa dattijon, Baba, a gafarce ni, laifin ba na fiyano ba ne. Bebey sai da ya shafe shekaru yana sauraron makaɗan ƙauye kafin ya taɓa maɓalli. Yaranmu na Paraku da Jugu su sayi na'urarsu, babu komai, amma su fara zuwa su zauna gaban mai kalangu tun yana raye.