Marigayi Djibo Bakary da majalisar kujeru 60 ta zamanin Turawa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwannin Arlit da Akokan da ƴan'uwanmu fatake masu bin hanyar Tawa zuwa Agadas, yau za mu waiwayi rayuwar wani ɗan Nijar da ya shugabanci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa tun Turawa ba su tafi ba, wato marigayi Djibo Bakary. Dalilinmu shi ne, katin zaɓen da ke cikin jakar kowace ƴar kasuwa a yau, da gardamar da ake yi kan arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar Imouraren, duka biyun suna da tushe a majalisar da wannan bawan Allah ya zauna cikinta.

An haifi Djibo a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, garin da aka haifi ɗan'uwansa Diori Hamani a 1916. Ya tashi a Tawa, inda ya sha Hausa tun yana yaro, kana ya wuce makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal. Da ya dawo sai ya zama malamin lakwal a Birnin Ƙonni, daga bisani kuma a nan Agadas. Ke nan arewacinmu ba baƙon wuri ba ne gare shi.

Zamanin nan talaka ba shi da bakin magana. Kumandan na iya ɗaure mutum ba tare da alƙali ba, ana kwasar maza aikin tilas, ga lanho a wuyan kowa. Sai a 1946 al'amura suka fara sakewa, lokacin da wakilan Afirka a majalisar Faransa suka sa aka soke aikin tilas ranar 11 ga Afrilu, a dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A wannan shekara aka kafa jam'iyyar PPN, aka zaɓi Diori ya tafi Paris, aka kuma buɗe wata ƙaramar majalisa a Yamai. Djibo ya zama babban sakataren PPN a 1947.

To sai dai majalisar nan rabi da rabi ce. Akwatin Turawa daban, na ƴan ƙasa daban, kuma Turawan da ba su taka kara sun karya ba wajen yawa suna riƙe da kujera 10 cikin 30. Ko a cikin ƴan ƙasa ma ba kowa ke jefa ƙuri'a ba, sai irin su ma'aikata, sarakuna, tsofaffin sojoji da ɗan kasuwar da ke biyan patanti. Mai tallar goro ko mai tuyar ƙosai ba ta cikin lissafi. A 1951 aka ɗan faɗaɗa ƙofa, har macen da ta haifi ƴaƴa biyu ta samu damar yin zaɓe.

A wannan tsakani ne hanyar ƴan'uwan biyu ta rabu. Uwar jam'iyya ta RDA ta yanke hulɗa da ƴan kwaminis na Faransa don ta sasanta da masu mulki, Diori ya bi, Djibo ya ƙi. Ya koma noman lambu a gefen Yamai, yana haɗa kan leburori da ma'aikata cikin ƙungiyoyin ƙwadago, har a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. Mutanensa su ne direbobi da yaran mota, ƴan kamasho, teloli, mahauta, ƴan koli da matan kasuwa, musamman a Maraɗi da Damagaram da Tasawa, inda manyan kamfanonin Turawa ke da ta cewa kan cinikin gyaɗa. Su ne suka riƙa kai saƙon jam'iyya daga tasha zuwa tasha, daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma daga bakinsu kalmar Sawaba ta zama sunan tafiyar baki ɗaya. Alamarsu raƙumi, ta abokan hamayyarsu giwa.

Babban sauyi ya zo ranar 23 ga Yuni 1956 da dokar Gaston Defferre, wadda ta haɗe akwatunan biyu, ta ba kowane baligi, mace da namiji, ƙuri'a guda. Nan take sakamako ya bayyana. A Nuwamban 1956 Djibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, bayan ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar BNA ta Georges Condat da Issoufou Saidou Djermakoye, wadda sarakuna da yawa ke mara wa baya. A zaɓen 31 ga Maris 1957 ƙawancen ya kwashe kujera 41 cikin 60, PPN ta tsira da 19, Djibo kuma ya kafa gwamnati.

Majalisar na da ikon tsara kasafin kuɗin ƙasa da haraji da sha'anin ma'aikata, gwamnatin kuma ta dage kan a ɗora ƴan ƙasa a kujerun da Turawa suka saba zama. Amma soja da kuɗin CFA da harkokin waje duk suna hannun Faransa, gwamna Bature kuma shi ke shugabantar zaman ministoci. Haka nan ƙawancen kansa ganga ce mai rauni, domin an haɗa talaka da basarake a inuwa guda. Da gwamnati ta fara tuɓe wasu sarakuna, sai saura suka sha jinin jikinsu. A Afrilun 1958 kuma magoya bayan raƙumi da na giwa suka gwabza a Yamai, abin da ya ƙara dagula lamarin.

A daidai wannan lokaci idon Faransa ya koma kan hamadarmu. A Janairun 1957 ta kafa hukumar OCRS don ta haɗa yankunan Sahara na Aljeriya da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da Nijar da Cadi a ƙarƙashin kulawarta, a shekarar kuma masu neman tagulla suka ci karo da alamun yuraniyom a Azelik, yamma da Agadas. Ga yaƙi na ci a Aljeriya, ga Faransa na shirin bam ɗinta na nukiliya. Saboda haka da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo kuma ya nemi jama'a su ce a'a don a samu ƴanci nan take, Paris ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, da ƙarin sojoji, aka bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, abokan ƙawance suka juya baya. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu cewa i kusan kashi 78 cikin 100, alhali ko mutum 4 cikin 10 na masu rajista ba su fito ba. Gini kaɗai ta ce a'a.

Djibo ya sauka a Oktoba, aka rushe majalisar, aka sake zaɓe a Disamba, ranar 18 ga watan aka kafa jamhuriya da Diori a gaba. An haramta Sawaba a Oktoban 1959, Djibo ya yi gudun hijira a Mali da Gana da Gini. A 1964 mutanensa suka shigo ƙasa da makamai, yunƙurin ya ci tura, an yi asarar rayuka, kuma talakawan da suka ɗauki jam'iyyar a kai su ne suka fi ɗanɗana kuɗa a gidajen kaso. Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, aka tsare shi a 1975 na tsawon shekaru. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993 amma bai kai labari ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Gadar Farié da ke kan kogin Kwara tana ɗauke da sunansa.

Abin da ya biyo baya a arewa mun san shi. An gano ma'adinin Imouraren a 1966, Somaïr ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ta rufe a 2021, a Yunin 2024 kuma hukumomin Nijar suka karɓe lasisin Imouraren daga kamfanin Orano ba tare da an taɓa fitar da ma'adinin zuwa kasuwa ba. Masu shaguna da suka ci bashi suna jiran ranar buɗe wurin sun fi kowa sanin zafin wannan jira.

Darasin da muke gani a rayuwar Djibo shi ne, ƙuri'ar ƴan tasha da matan kasuwa ta isa ta ɗora mutum a kan mulki, amma kujera 41 ta watse cikin wata 20 da manyan da aka jingina da su suka sauya sheƙa. Duk ranar da mai neman kujera ya shigo rumfarmu, mu tambaye shi wa ke bayansa, kuma me zai ce kan arzikin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da albarkar kasuwa.