Malam Umaru Altine, Baƙon da Ya Riƙe Birnin Inugu

Da yawa cikin yaranmu da aka haifa a nan Kudu ba su taɓa jin sunan Malam Umaru Altine ba, alhali kuwa shi ne magajin garin Inugu na farko. Bafulatani ne daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato. Fataucin shanu ya zaunar da shi a ƙasar Ibo, kamar dai yadda kasuwa ta kawo iyayenmu.

Inugu ta wancan lokaci garin baƙi ce. Kwal da aka gano a 1909, da layin dogo zuwa Fatakwal, su suka tara mutane daga ko'ina. To, Malam Umaru bai tsaya a zango kaɗai ba. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya jagoranci matasanta na garin, ya kuma yi aure cikin 'yan ƙasa. Da Inugu ta samu matsayin birni a 1956, shi aka ɗora bisa kujerar, da goyon bayan mutanen da akasarinsu ba yarensa suke yi ba.

Har yau ƙaramar hukuma ce ke riƙe da kasuwa, da tasha, da mayanka, wato inda abincinmu yake. In ba mu yi katin zaɓe ba, kuma ba ma zuwa taron 'yan sanda da jama'ar unguwa, to a bayan idonmu za a yanke maganar rumfuna, haraji da kame. Malam Umaru a ciki ya zauna, aka yanke da shi.

Allah ya jiƙansa, ya kyautata tamu.