Felix Eboue: Gwamnan Chadi Da Ya Ƙi Miƙa Wuya Ga Hitila

An haifi Felix Eboue ran 26 ga Disamba, 1884, a birnin Cayenne na ƙasar Giyana ta Faransa, a Kudancin Amurka. Baƙar fata ne, jikan bayi. Ya yi karatu a Bordeaux, sa'an nan ya shiga makarantar horar da ma'aikatan mulkin mallaka a Paris. Daga nan aka tura shi Ubangi-Shari, wato Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yau, inda ya yi shekara ashirin da wani abu yana aikin mulki, yana koyon harsunan mutanen ƙasar da al'adunsu. A 1936 ya zama Gwamnan tsibirin Guadeloupe, a farkon 1939 kuwa ya kama aiki a Fort Lamy, wato Njamena, a matsayin Gwamnan Chadi.

Da Jamus ta ci Faransa da yaƙi a watan Yuni, 1940, sai Marshal Petain ya yi sulhu da Hitila, ya kafa gwamnati a Vichy. Galibin gwamnonin ƙasashen da Faransa ke mulki suka bi shi. Shi kuwa Eboue, ko da yake 'ya'yansa suna can Faransa, ran 26 ga Agusta ya ba da sanarwar cewa Chadi ta bi Janar de Gaulle, wanda ke Landan yana kiran a ci gaba da yaƙi. Cikin 'yan kwanaki Kamaru da Kwango da Ubangi-Shari suka bi sahu. Gwamnatin Vichy ta tuɓe shi, ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan.

Wannan mataki ya ba de Gaulle ƙasar da zai kafa ƙafa. Ya kuma kare hanyar jiragen saman Ingila da ke tashi daga Takoradi, su bi ta Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa Hartum da Alƙahira. Daga Chadi ne sojojin Kanar Leclerc suka ƙetare hamada suka ƙwace Kufra daga hannun Italiya a watan Maris, 1941.

A Nuwamba 1940 de Gaulle ya naɗa shi Gwamna-Janar a Brazzaville. A nan ya tsara manufar girmama sarakunan gargajiya da ɗaukar 'yan ƙasa aikin gwamnati. Amma fa talakawa sun ɗanɗana kuɗarsu a zamaninsa, domin an matsa musu da aikin tilas na gina hanyoyi da tara roba saboda yaƙi. Sai a 1946 Faransa ta soke aikin tilas.

Ya halarci taron Brazzaville na farkon 1944, ya rasu a Alƙahira ran 17 ga Mayu na wannan shekara, bai ga an kori Jamusawa daga Paris ba. A 1949 aka mayar da gawarsa Pantheon, makwancin manyan mutanen Faransa. Shi ne baƙar fata na farko da aka yi wa wannan girma.