Likita Mila na Zariya (1872–1952)

A cikin Turawan da suka koyi Hausa a farkon ƙarni na ashirin, kaɗan ne suka kai Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka fi sani da Likita Mila. Ya ji Hausa kamar jakin Kano, ya yi wa'azi da ita, ya yi gardama da ita, ya kuma fassara littattafai a cikinta. Ya yi kusan shekara hamsin yana hulɗa da ƙasar Hausa. Ya zo ne da burin yaɗa addinin Kirista, amma yawancin abin da ya sa rai bai samu ba. An kore shi daga Kano, ya binne abokin tafiyarsa, ya ga cuta ta watsa garin da ya taimaka aka kafa. Duk da haka bai koma gida da baƙin ciki ba, domin bangaskiyarsa ga Almasihu ta ba shi kwanciyar rai.

An haife shi a shekarar 1872 a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan. Tun yana ɗalibi ya ƙudura a ransa cewa zai yi aikin bishara a Afirka, saboda haka da ya gama sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, wadda ke ƙarƙashin Cocin Angilika.

A wancan zamani babu makarantar koyon Hausa a ƙasar Hausa da Bature zai shiga. Wanda yake son harshen sai ya tafi Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda ayarin fatake da na mahajjata suke sauka bayan sun ƙetare Sahara. Can Mila ya zauna a ƙarshen shekarun 1890, yana sauraron Hausawa, yana rubuta abin da ya ji. A nan ne ya gamu da wani yaro mai suna Abdulmajid Tafida, wanda ya fito aikin hajji tare da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a hanya. Mila ya kula da shi, kuma daga baya yaron ya zama kamar ɗa a gare shi.

A farkon shekarar 1900 wata ƙaramar tawaga ta mutum biyar ta tashi daga Ikko ta nufi Kano, a ƙarƙashin jagorancin Bishop Herbert Tugwell. Mila ne likitansu. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa a lokacin, don haka suka yi kimanin wata uku a hanya, wani wuri a ƙasa, wani wuri a kan doki. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. A Kano kuwa labari ya sha bamban. Turawan mulki ba su ci birnin ba tukuna, kuma Sarkin Kano Alu bai gayyaci kowa ba. Ya yi musu magana mai zafi a fada, ya umarce su da su fita daga garinsa cikin 'yan kwanaki.

Suka juyo kudu, suka yada zango a Girku, wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Nan wahala ta same su sosai. Ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, wanda suka koyi Hausa tare da Mila a Tarabulus, ya kamu da atuni ya rasu. Ciwo ya tilasta wa wani komawa Ingila. Gobara ta cinye masaukinsu. Gwamna Lugga ma bai ji daɗin tafiyar ba, domin yana ganin za ta ɓata tsakaninsa da sarakuna. A ƙarshe suka janye zuwa Loko, a bakin kogin Binuwai, Mila kansa kuma ya koma Ingila jinya.

Wani da ya sha irin wannan, da ya ce ya tuba da ƙasar Hausa. Mila kuwa yana samun sauƙi sai ya dawo a 1902. A fahimtarsa, aikin na Allah ne, shi bawa ne da aka aika. Abin da ke kansa shi ne ya yi shuka, girbi kuwa yana hannun Mai gona. Wannan tunani, tare da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, su ne suka riƙe shi a duk lokacin da al'amura suka dagule.

A 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin shan magani da ƙaramar makaranta. Mutane suna zuwa neman magani, amma waɗanda suka karɓi addininsa ba su da yawa, domin Zariya tsohon gari ne na malamai, Musulunci ya daɗe da kafuwa a cikinsa. Dangantakarsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda shahararren mawaƙi ne, ta yi tsami. Mila ya sha kai ƙarar fada wurin Turawa a kan abin da yake gani zalunci ne ga talakawa. Da Turawan mulki ma bai zauna lafiya ba. Su sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Shi kuwa mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ɓoye ra'ayinsa. Salamar da ya samu ba ta hana shi gardama ba. Abin da ta hana shi kawai shi ne fid da zuciya.

A 1913 wani abu ya faru da ya faranta masa rai ƙwarai. Wasu mutane da ake kira Isawa suka neme shi. Asalinsu almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda aka kashe a ƙarni na sha tara saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, mabiyansa suka watsu zuwa wajen Ningi da ƙauyukan Zazzau. Jikokinsu suka zo suna neman ƙarin bayani. Da yawa daga cikinsu suka yi baftisma, aka kafa musu gari a Gimi, a ƙasar Zazzau, inda wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Mila ya ga kamar shukarsa ta fara tsiro.

Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne, wanda ke yaɗa ciwon barci. Cikin 'yan shekaru cutar ta shiga gida-gida, ta kashe manya da yara, maganin da ake da shi a lokacin kuwa bai iya tsayar da ita ba. Dole aka tashi garin. Ga likita, babu abin da ya kai wannan ciwo: mutanen da suka amince da shi suna mutuwa, iliminsa bai cece su ba. Mila bai ce Allah ya yashe shi ba. Ya tattara yaran da suka tsira ya sa su a makarantarsa ta Zariya, ya ci gaba da koyarwa.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa aka mai da shi Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausawa. Mila bai so barin birni ba, domin yana ganin rabuwa ce da mutanen da ya zo dominsu. Sai ya koma Kano, garin da aka taɓa korarsa, ya duƙufa a kan fassara. Tare da Hausawa abokan aikinsa da wakilan wasu ƙungiyoyin mishan, ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, aka buga shi da rubutun boko a 1932. Kiristocin Arewa na ƙabilu da dama suka riƙa amfani da shi shekaru masu yawa, abin da ya ƙara yaɗa Hausa a wuraren da ba harshen gida ba ce.

Ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Turanci, aka buga a 1936. Amma zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ya dawo Nijeriya ya zauna a yankin Filato, yana rubuce-rubuce a kan makomar ƙasar. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1952.

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Makarantar da ta fara da 'yan yara kaɗan ta fitar da mutanen da suka yi fice. A cikinsu akwai Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, wanda aka sa wa wani babban asibiti a Kaduna sunansa, da John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa ne kuma Yakubu Gowon ya tashi ya yi karatun firamare, shi ne ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, shekara goma sha huɗu bayan rasuwar Likita Mila.